Tayoyin Surukina

Ban sayi keke mai caji don gayu ba, ko da yake rabin unguwarmu a Yelwa haka suka ɗauka, har da masu cewa ɗan albashin malamin firamare ya fara ɗaukar kaina. Saboda Inna na saye shi. Tana can ƙauyenmu na bakin ruwa ta wajen Ngaski, ga hawan jini, ga ƙafafu da ke kumbura su sace su sake kumbura, kuma ta ce ita da zaman gari sai dai a kai gawarta. Abin da nake nema ɗaya ne. Ranar da ƙanwata, wadda ke aure a ƙauyen tana kula da ita, ta bugo waya ta ce in zo, in tashi a take in tafi. Ba neman mai, ba lallashin mai babur, ba zaman bakin ruwa ana jiran jirgi ya cika.

Hanyarmu iri uku ce. Daga gari akwai kwalta, ko in ce abin da ya saura na kwalta. Sai a sauka kan jar ƙasa mai tsakuwa, wadda ko da damina ba ta da laifi. Sannan fadama. Fadamar nan ƙasa ce da tafki ke rufewa in ya cika, in ya janye ya bar ta baƙa wuluk. Da rani takan bushe ta tsattsage, mutane su yi albasa a gefenta, ka bi ta kai kamar kana kan daɓe. Amma ruwan sama ɗaya ya ishe ta. Da ya sauka sai samanta ya koma kamar an zuba miyar kuɓewa, ka taka ka ji ƙafarka ta tafi ta bar ka. Masu babur ba sa shigarta bayan ruwa. A bakin jar ƙasa suke sauke mutum su ce ya ƙarasa da ƙafa, kuma ban taɓa ganin laifinsu ba.

Keken ya zo da tayoyi masu faɗi, masu manyan haƙora a wawware. A kan kwalta gurnani suke, suna shan caji ba tausayi, amma daminar farko kaf ban taɓa sauka na tura keken nan a fadama ba. In na iso bakinta sai in rage iska kaɗan, in koma mazauni sosai, in bar injin yana ja a hankali. Haƙoran su kama, su watso laka a bayan rigata, in fita ɗaya gefen kafin ruwan shayi ya tafasa. Duk Asabar haka nake zuwa da maganinta da ɗan abin cefane, in dawo da bandar kifi a ɗaure a baya.

Inna ba ta taɓa yabon keken ba.

"Abin ga naka ba shi da sallama," ta ce. "Babur ko daga nesa ka san da baƙo. Wanga sai dai ka ga mutum tsaye bisa kanka."

Ni ne ɗan farinta, saboda haka tunda nake ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Kunyar ɗan fari ce, kowa ya san ta a wajenmu. "Yaron ga" take cewa, ko "wancan", har bayan furfura ta fara fito mini a gemu. In tana son in miƙo mata abu sai ta gaya wa bango, ni kuma in ji. Ina ƙarami abin yana cin raina, musamman in na ji ta ƙwala wa ƙanwata kira da cikakken suna har maƙwabta su ji. Da na girma nakan ce na daina lura. Ƙarya nake, ban daina ba.

Keke mai caji yana da nauyi, injinsa kuma a cikin ƙafar baya yake, ga kaya kullum. Kafin rani na biyu ya raba, tayar baya ta suɗe, ta gaba tana bin sawunta. Sai na nufi wani tsoho mai faci da ke bayan kasuwa, wanda ya yi wa kekunan iyayenmu aiki tun kafin babur ya cika gari. Ba ya ajiye taya mai girman tawa, sai dai ya aika Kano a kawo, amma yana da tsofaffi iri-iri a jibge a bayan rumfa, da su yake nuna wa mutum.

Sau uku ina zuwa wajensa kafin in yanke shawara, don ni mutum ne mai jan rai a kan abin da zan daɗe da shi. Ya jera mini guda uku a ƙasa. Ta farko mai sulɓi ce, zanenta ɗan siriri, ta kwalta. Ya ce wannan ba ta ƙara, ba ta shan caji, za ka je ka dawo da saura. Na daɗe ina kallonta, domin sau da yawa batir kan mutu mini a hanyar dawowa, in ƙarasa gida ina tuƙa wannan uban nauyi da cinyata, yara suna dariya. Ta biyu tsaka-tsaki ce, tsakiyarta a shafe, ƙananan haƙora a gefe. Ta uku irin tawa ce, har ta ɗan fi ta, haƙoranta da tazara yadda laka ba za ta samu wurin maƙalewa ba, gefenta da kauri saboda ƙaya da nauyin kaya.

Na fara karkata ga ta biyu, ina ta kawo hujjoji irin na malaman makaranta. Ya bar ni na gama, yana goga roba da ɗan ƙarfensa.

"Malam," ya ce, "taya takalmi ta. Ina kaka zuwa da ita?"

Na gaya masa, duk da ya sani.

"To, ranar da anka yi ruwa, anka ce ka taho yanzu, cikin ukun ga wace ka kai ka?"

Sai na nuna ta uku, na ce gaba da baya. Ya ce in ba shi sati biyu.

A cikin sati biyun nan matata ta je gidansu yini, hira ta kai ta ta ce tayoyin mijinta sun ƙare. Magana ce kawai, irin wadda ake yi ana tsinkar zogale. Amma mahaifinta ya ji.

Dole in faɗi gaskiya a kan surukina, domin a nan ne abin ya fi ci mini rai. Mutumin kirki ne. Tufafi yake saye da sayarwa, yana zuwa Kano sari, kuma bai taɓa dawowa hannu biyu ba. Tun da na auri 'yarsa bai taɓa ɗaga mini murya ba, Malam yake kirana ko a gaban wa. Da mugu ne, ko mai gori, da na samu inda zan ajiye fushina in huta. Ranar Juma'a na riga na tafi masallaci ya biyo ta gidana, dattijo da shi, ya durƙusa a gindin kekena da tabarau, ya kwafi lambar da ke gefen tayar a bayan wata takarda. Bai tambaye ni ba, don so yake ya ba ni mamaki. Shi ɗan gari ne haihuwa da girma. Sau ɗaya ya taɓa zuwa ƙauyenmu, shi ma a jirgin ruwa, da rani. Bai taɓa taka fadamar nan da ƙafarsa ba.

Da ya dawo daga Kano ya aiko a kira ni bayan la'asar. Na tarar da shi a ƙofar gida, dattawan unguwa sun cika tabarma. Na tuɓe takalmi tun daga nesa, na durƙusa a gefe, kaina a ƙasa, aka gaisa. Sai ya jawo wani abu naɗe da takarda daga bayansa, ya warware da hannunsa, yana murmushi.

Tayoyi biyu ne, sababbi fil, baƙaƙe, da wani farin layi a gefe mai ƙyalli. Masu sulɓi. Ko ta farkon da mai faci ya nuna mini ta fi su zane.

"Nic ce ma mai shagon shi ba ni wadda ta hi kowace," ya ce. "Yac ce wagga ba ta cin caji, ba ta ƙara, ta manyan mutane ta. Waccan taka kuwa, Malam, awa ta tarakta."

Dattawa suka yi dariya, aka riƙa miƙa tayoyin hannu zuwa hannu ana shafawa, ana cewa kai ka yi dacen suruki. Ni kuwa kallo ɗaya na yi musu na ga fadama. Kalmar tana bakina. Da na ce, Baba, akwai laka a hanyar Inna, da shi ke nan. Mutum ne mai hankali, da ya gane. Amma a gaban mutanensa, yana cikin jin daɗin abin da ya yi, wane suruki ne zai ɗaga kai ya ce wa uban matarsa abin da ya ɗauko tun daga Kano bai yi ba? Ba a yi. Haka aka tashe mu, haka kuma nake koya wa yaran mutane a aji, cewa babba in ya ba ka sai ka karɓa da hannu biyu.

Na karɓa da hannu biyu. Na ce, "Allah shi saka da alheri, Baba. Allah shi ƙara girma."

A gida na sauke wa matata abin da na kasa sauke wa ubanta, kuma wannan ma ba abin alfahari ba ne. Na ce wa ya aike ta kai zancen tayata gidansu. Na ce gidansu kaf ba wanda ya san bambancin laka da kwalli. Ta bar ni na yi na gaji.

"To mi kaka so in yi?" ta ce. "In koma in ce mai mijina ya raina kyautatai? Kai da kake namiji, kana gabanai, mi ya hana ka hwaɗi?"

Gaskiya ta faɗa, shi ya sa na ƙara jin haushinta.

Wani zai ce ai da sai in ajiye su a ɗaki in sa nawa. Wanda zai faɗi haka bai san unguwarmu ba. Hanyata ta makaranta ta ƙofar gidan surukina ta bi, ba wata. Kullum da safe yana zaune a dakali da carbinsa, kullum sai na sauka daga keke na gaishe shi. Washegarin kyautar ma idonsa a kan ƙafafun keken ya fara sauka, ya ce, "Ba a sa ba tukuna?" Da yamma na kai wa mai faci.

Tsohon ya juya tayar a hannunsa, ya dube ni.

"Wa ya yi maka wanga aiki?"

"Surukina."

"To," ya ce. Shi ma yana da surukai. Ya kwance ƙafar baya, aiki ne mai cin lokaci saboda wayar injin, ya sa su, ya ba su iska. Nawa da na yi oda sun iso a ranar, ya nuna mini su a rataye a ƙusa. Ya ce ko ɗaya ce in yarda ya sa mini, ko ta gaba, don ita ke riƙe kan keke. Na ce dattijon zai gani. Na ce a bari damina ta matso, zan san dabarar da zan yi.

"Bara ruwan hwarko ya riga kowa shiri," ya ce. "Ka tuna."

Na ce na tuna. Har yau in zan wuce ta gaban rumfarsa kau da kai nake, domin suna nan a kan ƙusar.

Daga ranar surukina ya samu sabon aiki. In na sauka gaishe shi sai ya miƙo hannu ya danna tayar gaba da babban yatsa, ya gyaɗa kai, ya ce wa na kusa da shi, "Kun ji ko ƙara ba ta yi." Ga kuma abin da ya fi ba ni kunya. Da rani tayoyin nan daɗi ne da su. Keken ya yi sauƙi, ya daina gurnani, ina zuwa ƙauye in dawo da sauran caji. Sai na fara ce wa kaina wataƙila na cika tsoro, wataƙila in na rage iska sosai za su yi. Ni da aka haifa a bakin fadamar nan, na zauna ina yi wa kaina wannan ƙaryar don kawai in kauce wa magana ɗaya da dattijo.

Inna ce ta ƙi karɓar ƙaryar. Idonta ya riga ya yi rauni a lokacin, da hannu take ganin abubuwa. Wata Asabar na jingine keken kusa da inda take juya kifi a kan banda, ta dafa shi za ta tashi, tafinta ya sauka a kan tayar baya. Ta tsaya. Ta bi ta da yatsu har ƙasa, ta dawo.

"Ina haƙoran?" ta tambayi bango.

Na ce an canja.

"Wagga ba ta kawo mutum in anka yi ruwa."

"Surukina ya kawo min daga Kano, Inna."

Ina kallonta tana auna abin, ita da ta fi shekara sittin tana ratsa lakar nan da kwandon kifi a ka, ita da ta san sarai saboda wa aka sayi keken. Sai ta goge hannunta a zani.

"To," ta ce. "Ba a maida kyautar suruki. A bar ta."

Ta koma kan kifinta. Ina jin haushin wannan "to" ɗin har gobe. Mai faci ya ce to, matata ba ta gaya wa ubanta ba, ni na ce Allah shi saka, ita ma da abin zai faɗa wa ta ce a bar ta. Mu huɗu, manya, masu hankali, kowa ya san tayar nan ba za ta ratsa fadama ba, kowa kuma ya ga ya fi sauƙi a bar ta da a ɓata wa dattijo rai na yini ɗaya.

Da hadari ya fara haɗuwa ta gabas da yamma yana watsewa, na samo dabarar da na yi wata biyu ina nema, kuma ba wata dabara ba ce. Zan ce masa, Baba, tayoyin nan sun fi ƙarfin laka, zan adana su sai rani kada su lalace. Magana ce da yaro ma zai iya tsarawa. Na sa wa kaina ranar Asabar, in gaya masa da safe, in wuce wajen mai faci. Ruwa ya sauka Laraba da dare.

Alhamis da sassafe ina ɗaura jakar littattafai a bayan keke wayata ta yi ƙara. Ƙanwata ce.

"Yaya, ka taho. Jikin Inna ya tashi tun asuba, numfashi ba shi hita daidai. Ka taho yanzu."

Na jefar da jakar a tsakar gida na fita. Surukina yana kan dakalinsa, ya ɗago hannu. Ran nan na fara wuce shi ban sauka ba, na ɗaga masa hannu kawai, kuma ba abin da ya faru. Daga baya ma cewa ya yi ya san ba lafiya ba, ya bi ni da addu'a. Na bi ta bayan kasuwa, rumfar mai faci a rufe, bai fito ba tukuna. Na tsaya a gabanta da ƙafa ɗaya a ƙasa. In na je gidansa na taso shi, ya buɗe, ya kwance ƙafar baya da wayarta, hantsi ya yi. Na ce ai ruwan farko ne, ƙasa na da ƙishi, ta shanye. Na wuce.

A kan kwalta tayoyin surukina sun yi abin da aka saye su don shi, ban taɓa gudu irin na ranar ba. Jar ƙasa ma ba laifi. Da na hango fadama tana ƙyalli a rana na san ƙasa ba ta shanye komai ba. Daga bakin nan ana hango giginyun ƙauyenmu, har hayaƙin banda ana gani.

Na sauka na rage iska, na hau. Ban yi tsawon igiyar guga uku ba ƙafar gaba ta zame gefe, na sha ƙasa da kafaɗa, keken a kaina. Na tashi na ƙara rage iska. Wannan karon ta baya ce, injin yana ja, taya tana juyawa a wuri ɗaya tana sheƙi, ba abin da take kamawa. Na rage ƙarfin injin, na tuƙa da ƙafa, ta sake zamewa. Na gwada bin gefen kunyar albasa, inda ciyawa ta ɗan fito, na samu 'yar tafiya, sai kunyar ta ƙare na sake faɗuwa. Keken da ba caji da ka saɓa shi a kafaɗa ka wuce. Wannan kuwa ko ɗaga shi daga laka sai ka yi nishi.

Ina kwance a faɗuwa ta uku wayar ta sake ƙara a aljihu. Da ƙyar na danna ta, yatsuna duk laka.

"Kana ina? Tana ta tambaya ko yaron ga ya iso."

"Ga ni a fadama. Ki ce mata ga ni nan."

Abin da ya kamata in yi tun faɗuwar farko shi ne in yar da keken in kama gudu. Na sani yanzu, na kuma sani a lokacin. Amma bara kafin ruwan shayi ya tafasa nake ratsa wurin nan, kaina ya ƙi yarda cewa yau ba haka ba ne. Sai na riƙa cewa in na kai wancan tudun zai kama, in na wuce wancan kwarin zai kama. Na tura, na hau, na faɗi, na zagi tayar, na zagi mai shagon Kano da ban taɓa gani ba, na zagi kaina. Surukina kaɗai ban zaga ba. Ko a tsakiyar fadama, ni kaɗai, ba mai jina, bakina ya ƙi.

Ban san tsawon lokacin da na ɓata ba. Na dai san rana ta ɗaga sosai sa'ad da na bar keken a kwance a gindin wata kanya, na cire takalman da laka ta riga ta cinye ɗaya, na kama gudu. Gudun fadama ba gudu ba ne, taku biyu ka zame ɗaya. Na faɗi sau nawa ban ƙirga ba.

Da na shiga gari na ga maza a tsaye a ƙofar gidanmu, ba wanda ya zauna, ba kuma wanda ya dube ni a ido. Ɗan kawuna ya kama hannuna da lakar da komai, ya ce in yi haƙuri. Na fizge na shiga. An rufe ta da zanenta mai ruwan ƙasa. A gefen tabarma akwai kofin kunun da aka yi ta lallashinta ta sha. Ban san abin da ya sa na ɗauke shi ba. Da sauran ɗuminsa.

Ƙanwata tana zaune a bakin ƙofa, idonta ya kumbura.

"Yanzun ga, Yaya," ta ce. "Wallahi yanzun ga."

Na gyaɗa kai.

"Ta kira ka."

"Kin gaya min tana tambaya."

"Ba tambaya ba. Sunanka tak kira. Sunanka na yanka, da bakinta, har sau biyu. Na waje ma sun ji."

Na fi shekara arba'in ina jiran wannan, ban taɓa gaya wa kowa ba. Maƙwabta sun ji, ɗan kawuna ya ji, matan da suka shigo da kunu sun ji. Ni ina gindin kanya ina kokawa da taya. Na san rai na Allah ne, ko da jirgin sama na zo ba zan ƙara mata numfashi ɗaya ba, kuma duk wanda ya zo gaisuwa ya tuna mini da haka. Ban yi musu da kowa ba. Amma ba ranta na ce zan riƙe ba. Zuwa kawai na yi alkawari, saboda shi na sayi keken, kuma na san tayar da za ta kawo ni, na zaɓe ta da hannuna, tana rataye a ƙusa.

Aka yi mata sutura kafin azahar. Da yamma ɗan kawuna ya je da amalanken shanu ya ɗauko keken, wani ya wanke shi a bakin ruwa, ya ba shi iska, aka jingine shi a bangon zaure inda muke zaman makoki. Kwana biyu ina zaune ina kallon farin layin nan yana ƙyalli.

Rana ta uku ta faɗo ranar kasuwarmu, jirgi ya zo daga Yelwa, surukina a ciki da dattawa biyu da buhun shinkafa. Tafiyar ruwa tana wahalar da shi, amma ya zo. Ya zauna ya yi addu'a mai tsawo, ya ce Inna mutuniyar kirki ce, ta haifi ɗa mai ladabi. Ba na shakkar ko kalma ɗaya daga zuciyarsa ta fito. Da suka tashi tafiya na miƙe in raka su. A bakin zaure idonsa ya faɗa kan keken. Ya tsaya, ya miƙa hannu kamar yadda ya saba, ya danna tayar gaba da babban yatsa.

"Tayoyin ga suna yi maka aiki ko, Malam?"

Ƙanwata tana bayan ƙyaure, na san tana ji. Ɗan kawuna, wanda ya ɗauko keken daga laka, ya sunkuyar da kai. Na ji maganar ta taso mini tun daga ciki, duk ta, da fadamar, da kanyar, da kofin kunun. Sai na ji gwiwoyina sun kai ƙasa da kansu.

"Suna yi, Baba," na ce. "Allah shi saka da alheri."

Ya ji daɗi, na gani a fuskarsa. Na raka shi har bakin ruwa, na riƙe masa jirgin ya shiga.